Yajin Masawudu

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin yarinyar nan da in an yi baƙi sai an neme ta a ƙuryar ɗaki da littafi a cinya. Wannan ne karon farko da na yi ƙarfin halin rubuta abu don wani ya karanta. Inda Hausar ta karkace, ku miƙe ta a ranku ku wuce.

Ranar wata Asabar da safe, wajen ƙarfe tara da 'yan mintoci, wayar Sherifa ta yi ƙara. Tana tsaye ne a bakin ƙofar flat ɗinsu da ke hawa na huɗu a Tottenham, takalmi ɗaya a ƙafa, tana laluben ɗayan. Lamba ce doguwa wadda ba ta sani ba. Har ta yi kamar ta ƙyale, don ta ɗauka masu talla ne, sai ta lura farkon lambar irin na yayanta Masawudu ne, wanda ya yi shekara ɗaya da rabi yana tuƙin babbar mota mai tirela uku a Ostireliya.

Muryar mace ce, da Turanci, iska na kaɗawa a bayanta kamar ana girgiza leda.

"Ke ce Sherifa Kassim? Sunanki na gani a katin da ke aljihun Masawudu. Ni likita ce, ina tare da shi. Yana da rai. Ki riƙe wannan tukuna kafin in faɗa miki sauran."

Sherifa ba ta san lokacin da ta zauna a kan takalman da aka jera a bakin ƙofa ba.

Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Masawudu ya tsaya a gefen hanya don ya ƙara ɗaure sarƙar kaya, ƙafarsa ta zame daga kan tirela, wani ƙarfe ya yage shi a cinya. Wani direba ne ya tsince shi ya kira agaji. Asibitin da za a iya yi masa aiki yana da nisan awa tara a mota, shi ya sa aka turo su da jirgi.

"Jirgi? A dajin nan a ina jirgi ya sauka?"

"A kan titi. 'Yan sanda sun tare hanya ta gaba da ta baya."

Sai Sherifa ta tuna wani hoto da ya taɓa turo musu. Kwalta ce miƙaƙƙiya, babu gida, babu itace, an faɗaɗa wani yanki nata an ja fararen layuka a kai, an share duk abin da zai tokare fiffike. A ƙarƙashin hoton ya rubuta, "Ga airport ɗin ƙauyenmu." Mahaifiyarsu ta yi dariya a ranar har da tafa hannu, ta ce yaron nan ya koyo ƙarya a wajen Turawa.

"Ki saurare ni da kyau," in ji likitar. "Raunin bai kai a ce yana zubar da jini haka ba. Na ɗaure, ya jiƙe, na sake ɗaurewa, ya sake jiƙewa. Dasashinsa na jini, inda na soka allura ma na jini. Jininsa ya ƙi daskarewa. A wannan daji abu biyu ne ke jawo haka. Ko dai maciji ya sare shi cikin ciyawa bai sani ba, ko kuwa yana shan maganin da ke tsinka jini. Kowanne da allurarsa daban. Ta dafin maciji in na yi masa ita a banza, a yadda jikinsa yake yanzu tana iya ƙarasa shi. Jini leda biyu na zo da shi, ta farkon ta kusa ƙarewa."

"Ba ya shan magani. Ko ciwon kai yake yi ba ya shan komai."

"Haka ya ce mini kafin hankalinsa ya soma gushewa. Mun bincika motarsa, babu ƙwaya ko ɗaya. Kwalba kawai muka gani mai jan murfi, da wani gari ja-ja a ciki, an manna takarda da rubutun Larabci. Mene ne a cikinta?"

Sherifa ta san kwalbar. Guda uku ne, mahaifiyarsu ta haɗa masa su da ya zo Sallah wata biyu da suka wuce, ta rubuta Bismillahi da hannunta ta manna wa kowacce.

"Yaji ne. Barkono ne da kayan ƙamshi, muna barbaɗawa a abinci."

"Ina son in ji daga bakin wanda ya haɗa shi, abu ɗaya bayan ɗaya. Rana ta kusa faɗuwa a nan, in ta faɗi raƙuma da kangaru suna hawa titi, matuƙinmu ba zai jira hakan ba. Dole in zaɓi allura kafin mu tashi. Zan sake kiranki bayan minti goma."

Wayar ta katse. Daga kicin ƙamshin ƙosai yake fitowa, da ƙarar mai, da muryar mahaifiyarsu Hajiya Awabu tana bin wata ƙasida a rediyo. Mma suke kiranta, yadda ake kiran uwa a Kumasi inda aka haife ta.

Sherifa ta buɗe ƙofa a hankali ta fita kan matakala, ta kira Kawu Rufa'i. Wan Mma ne, yana tuƙin tasi a Plumstead, kuma tun da mahaifinsu ya rasu shekara biyu da suka wuce shi ne ke tsaye a kan duk wata magana ta gidan. Ta faɗa masa komai cikin numfashi ɗaya, rabi Hausa rabi Turanci.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kin faɗa mata?"

"A'a, Kawu."

"Madalla. Kada ki kuskura. Ko a fuska kada ki nuna mata. Ga ni nan tafe, zan biya in ɗauko Malam Yusif. In babu cunkoso a hanyar Blackwall awa ɗaya mun iso."

"Kawu, minti goma aka ba ni."

"Turawa ne, su komai minti goma. Yaji fa aka ce! Yajin da muka tashi muna ci tun kafin a haifi uwar likitar. Ki ce musu spice ne, su yi masa allurar macijinsu."

"Ta ce sai ta ji daga bakin Mma."

"Sherifa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kin manta ranar rasuwar mahaifinku? Ta waya aka faɗa mata. A gaban firji kika same ta a kwance, kwana uku tana asibiti. Mace mai hawan jini! So kike mu tashi da biyu yau? Irin wannan magana ba yaro ke kai ta ba, ba kuma a tsaye ake faɗarta ba. Ki jira manya."

Ya kashe wayar.

Ba ƙarya ya faɗa ba, Sherifa ta sani. A wajen mutanensu mummunan labari yana da hanyar da yake bi ya shiga gida. Manyan maza ne za su zo, su yi sallama, a ba su wurin zama, a gaisa, a tambayi gida da aiki da sanyi, a kawo ruwa su kurɓa, sannan a soma zagayawa a hankali har mai gidan ya gane da kansa kafin a furta. Ta ga an yi wa wasu haka sau da yawa, ta kuma ga ranar da ba a yi wa Mma ba. Ta duba wayarta. Minti uku sun tafi.

To, ai yaji ne kawai. Har ta soma yarda da Kawu, sai ta tuna wani abu ƙarami. Daren jajiberin tafiyar Masawudu ta sa cokali za ta ɗebi yaji daga ɗaya daga cikin kwalaben nan ta zuba a taliya, Mma ta buge mata hannu har cokalin ya faɗi. Mma da ko tsawa ba ta cika yi ba.

Ta share fuskarta da gefen mayafi ta shiga kicin.

"Mma, wata ƙawata ce a wurin aiki take son recipe ɗin yajinki."

"Ƙawarki ko ke?" Mma ba ta waiwayo ba, tana juya ƙosai da matsami. "Ke da ko ƙwai kika ɗora sai alarm ya tashi duk bene."

"Wallahi ƙawata ce. Faɗa mini in rubuta."

"Barkono. Citta. Kanumfari kaɗan, kada ya yi ɗaci. Masoro, kimba, ƙuli-ƙuli, gishiri, dunƙule biyu. Ta soya barkonon sama-sama kafin ta niƙa."

"Shi ke nan?"

"Me kuma kike so in sa, zinariya?"

"Na Yaya fa? Wanda kika haɗa masa da Sallah."

Matsamin ya tsaya a cikin mai. Bai daɗe da tsayawa ba, amma Sherifa ta gani.

"Na yayanki ma haka ne," in ji Mma. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari. Yayanki take cewa, ko wancan yaron.

"To me ya sa kika buge mini hannu ranar?"

"Addu'a na tofa a ciki, tasa ce shi kaɗai. Wai ke lauya kika zama da sassafe?" Ta juyo za ta ƙara magana, idonta ya sauka a ƙafafun Sherifa. "Ina ɗaya takalmin? Ke, dube ni. Kuka kika yi?"

Wayar ta soma ƙara a hannun Sherifa.

Ta dubi saman firji inda kwalin maganin hawan jinin Mma yake, ta dubi agogon jikin murhu. Kawu ko Woolwich bai wuce ba yanzu. Ta miƙa hannu ta kashe gas, ta janye kaskon mai zuwa baya, ta jawo kujera.

"Mma, zauna."

"In zauna in yi me? Ƙosaina zai sha mai."

"Don Allah, don Annabi, ki zauna."

Mma ta zauna. Sherifa ta ɗora wayar a kan tebur tsakanin kwanon ƙosai da kofin koko, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji.

Iskar nan ta cika kicin ɗin. "Sherifa? Kin samo mini? Na ɗaura leda ta biyu, jininsa na sauka, ba ni da sauran lokaci." Mma tana jin Turanci sarai, shekara ashirin ta yi tana sharar ofisoshi a Northumberland Avenue. Sherifa na kallon fuskarta tana ƙoƙarin haɗa maganar. Sai wani nishi ya biyo bayan muryar likitar, dogo, na namiji, a ƙarshensa kamar an ce Mma.

"Masawudu!"

Shekarar Sherifa ashirin da huɗu a duniya, ba ta taɓa jin wannan suna a bakin mahaifiyarta ba sai yau. Ta durƙusa ta riƙe hannuwan Mma biyu, suna da santsin mai.

"Ya faɗo daga mota, ƙarfe ya yanke shi. Likita ta je da jirgi, tana tare da shi. Amma jinin ya ƙi tsayawa, Mma. Suna so su san abin da ke cikin yajin."

"Jinin ya ƙi tsayawa," Mma ta maimaita a hankali, kamar mai karanta rubutu daga nesa.

Sherifa ta ƙanƙame ta tana jiran ta sulale. Ba ta sulale ba. Ta zare hannuwanta ta miƙe, ta nufi ɗakinta da sauri har tana bangaje ƙofa. Sherifa ta bi ta da wayar. Mma ta durƙusa ta jawo tsohon akwatin mahaifinsu daga ƙarƙashin gado, ta watsar da manyan rigunansa da rigar aikinsa ta tuƙin bas, ta zaro wata baƙar leda daga can ƙasa ta zazzage a kan kafet.

Kwalayen magani ne, sun fi goma, wasu a buɗe babu komai a ciki. Da wani ɗan littafi ruwan ɗorawa.

"Karanta mata," in ji Mma.

Sherifa ta ɗauki ɗaya. Sunan mahaifinta ne a jikin takardar kemis, da kwanan watan shekara uku baya. Ta karanta sunan maganin da ƙarfi. "Warfarin."

Likitar ta ce, "Nawa? Tun yaushe? Wane launi ne ƙwayoyin?"

Mma ba ta jira a fassara mata ba. Ta matso da bakinta kusa da wayar ta amsa da Turancinta na wurin aiki, dalla-dalla. Masu ruwan hoda ne. Kati uku-uku ta daka a kowace kwalba. Tun Sallah, wata biyu. Yana ci kullum, kuma hannunsa na da nauyi wajen barbaɗawa.

"Ba maciji ba ne," suka ji likitar ta ce wa wani can gefe. "Mayar da wannan, miƙo mini ɗayar, da sauri." Aka yi ta motsi, ana yage leda, wani na ƙirga lambobi. Sai ta dawo. "Na yi masa abin da zai warware maganin. Yanzu za mu tashi, tafiyar awa biyu ce. Ba zan yi muku alkawari ba, amma yanzu na san abin da nake faɗa da shi. Za a kira ku daga asibiti."

Ba ta kashe wayar nan take ba. Suka ji an rufe ƙofa mai nauyi, suka ji injin ya ɗauki kuka yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har ƙaramar wayar ta soma karkarwa a kan kafet. Sai ɗif.

Suka zauna a ƙasa, akwatin a tsakaninsu. Can a waje wata bas ta tsaya ta sauke mutane ta wuce.

"Mma," in ji Sherifa.

"Shekara ashirin da biyu mahaifinku yana zaune a kujerar bas." Mma tana magana ne tana kallon rigar aikin. "Jini ya daskare masa a ƙafa, suka ba shi wannan. Kullum in ce ka sha? Ya ce na sha. Ashe nan yake tarawa. Gudan jinin ya tashi ya toshe masa huhu. Likitan ya dube ni ya ce, da yana shan maganinsa da bai kai ga haka ba. Bayan arba'in na buɗe akwati na gan su. Sababbi fil, ko ɓarewa ba a yi ba. In zubar da abin da aka ce da ya sha da yana raye?"

Ta ɗauki kwali ɗaya ta juya shi.

"Sai ga wannan ma ya kama tuƙi. Awa goma sha biyu a zaune. Da ya zo Sallah na ga yana matsa ƙafarsa, na ce je ka ga likita. Ya yi dariya. Dariyar ubansa sak, har da karkatar da kai. Na ce a raina, wannan ba zan tambaye shi ya sha ko bai sha ba."

"Mma, ba haka ake shan sa ba. Baba duk bayan 'yan makonni sai an gwada jininsa kafin a ce ga adadin da zai sha. In ya yi yawa kaɗan, mutum ko aski aka yanke shi sai ya yi ta zuba. Shi ne amfanin littafin nan."

Mma ta ɗauki ɗan littafin ta buɗe. Layuka ne da lambobi, da sa hannun ma'aikatan asibiti.

"Na ɗauka na appointment ne," ta ce. Sai ta kifa fuskarta a kan rigar mijinta. Sherifa ta tashi ta ɗauko mata maganin hawan jini da ruwa, ta tsaya a kanta har ta haɗiye.

Goma da rabi ta gota aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu Rufa'i ne da babbar riga, a bayansa Malam Yusif limamin masallacinsu, da carbi a hannu. Suka yi sallama cikin nutsuwa, suka cire takalma, suka zauna a falo. Mma ta fito ta zauna a gefen kujera.

"Awabu, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ya gida? Ya ƙafar taki? Wucewa muka zo yi ta nan unguwar, na ce wa Malam bari mu leƙa mu gaisa. Sanyin bana da sauƙi, ko?"

"Yaya, jirginsu ya kusa awa ɗaya a sama."

Kawu ya buɗe baki bai rufe ba. A hankali ya juya kansa wajen Sherifa da ke tsaye a bakin ƙofar kicin da tiren ruwa.

"Ke! Me na ce miki?"

"Kada ka taɓa ta," in ji Mma. "Da ta jira ka, da yanzu gaisuwar mutuwa kuka zo yi. Kuma ni ce na kashe shi."

Ta faɗa musu komai, ba ta rage ba. Malam Yusif ya yi ta salati a ƙasan maƙoshi. Kawu kuwa tun daga tsakiyar maganar fuskarsa ta soma canzawa. Ya ajiye kofin ruwan a ƙasa. Ya naɗe hannun rigarsa ya dubi wani shuɗin tabo mai faɗin tafin hannu a damtsensa, ya daɗe yana kallonsa.

"Awabu. Kwalbar da kika ba ni da Sallah fa? Mai jan murfi?"

Mma ta sunkuyar da kai. "Kai ma ai direba ne, Yaya."

"La'ilaha illallahu! Wata biyu ina ganin jini a aswaki! Na ce tsufa ne. Har haɓo na yi a gaban fasinja a Woolwich, mutumin ya sauka bai ƙarasa inda za shi ba!"

"Zarah ma tana ci?" Sherifa ta tambaya da sauri, tana nufin matarsa.

"Ta ce ya cika zafi. Ni kaɗai nake ci." Ya dafe kai. "Har yabonsa nake yi. Na ce wa Malam ba a taɓa yaji irin na bana ba."

"Ka ma yi mini alkawarin ɗiba," in ji Malam Yusif. "Allah ya sa ka manta."

Sherifa ta kira layin asibiti ta yi bayani, aka ce a kawo Kawu yau a gwada jininsa, kuma kada ya tuƙa mota da kansa. Kawu ya ce ba inda za shi sai ya ji labarin yaron. Malam ya karɓi makullin motar ya sa a aljihunsa, aka zauna.

Babu wanda ya taɓa ƙosan. Wayar na kan tebur, idon kowa na kanta. Sau biyu ta yi ƙara suka zabura, sau biyun 'yan uwa ne daga Kumasi, don Kawu kafin ya fito ya faɗa wa Zarah ya ce kada ta faɗa wa kowa. Awa biyu ta cika, ta wuce. Aka yi azahar, Malam ya ja su a falo. Mma ta daɗe a sujadar ƙarshe har Sherifa ta taɓa kafaɗarta don ta tabbatar tana numfashi.

Ƙarfe uku saura kwata doguwar lamba ta fito. Wani ma'aikacin jinya ne, muryarsa a gajiye. An shiga da shi ɗakin tiyata kai tsaye daga jirgi, an ɗinke jijiyar, jinin ya tsaya. An ƙara masa leda huɗu. Ƙafar ba za a yanke ta ba. Ya farka sau ɗaya ya nemi ruwa, ya koma barci.

Sherifa ta fassara duk da ta san kowa ya ji. Kawu ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Mma ta zame daga kujera ta sa goshinta a ƙasa.

Ba a yi minti ashirin ba ƙofa ta soma karɓar baƙi. Matan unguwa, 'yan ƙungiyar Kumasi, maƙwabciyarsu ta hawa na biyu da kular shinkafa. Wasu da jaje suka shigo, aka ce musu barka za su yi, suka juya kukan ya zama guɗa. Falo ya cika, ana ta tambayar yadda aka yi, wai da gaske ne jirgi ya sauka a kan titi kamar tasi? Kawu, wanda Malam ke ja wajen ƙofa don a tafi asibiti, ya tsaya ya ɗaga murya.

"Hatsari ne ya yi, Allah ya taƙaita. Shi ke nan, a yi masa addu'a."

Ya dubi Sherifa, ta sunkuyar da kai. Wannan karon ta bi maganarsa.

Mma ta yafito ta da ido daga tsakiyar matan. Sherifa ta ratsa ta durƙusa, Mma ta kawo bakinta kusa da kunnenta.

"Kwashe magungunan daga gidan nan. Har ƙaramin turmin da ke bayan tukwane. Idan ya farka sosai ni zan faɗa masa da bakina, kada wani ya riga ni."

Sherifa ta shiga ɗaki ta tattara kwalayen cikin baƙar ledar, ta ninke rigar mahaifinta ta mayar cikin akwati, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta ɗauko turmin a kicin, akwai sauran jan gari a gindinsa. A bakin ƙofa takalman baƙi sun yi tudu. Ta tona, sai ga ɗaya ƙafar takalminta a can ƙasa, an tattake ta. Akwai kemis a High Road da ke karɓar tsohon magani, suna rufewa ƙarfe biyar. A falo wata ta ɗauko labarin yadda aka taɓa kai mijinta asibiti a bayan babur, kowa ya juya wajenta. Sherifa ta rungume ledar a ƙirji, ta ja ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ta gangara matakala.